Jariri A Goye, Takardar Komawa Aiki A Hannu: Darasi Ga Mai Jego Da Mijinta



Makon jiya, bayan karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i, wani ɗalibi ya miƙo min takarda, ya ce matarsa ce ta rubuto. Malamar asibiti ce, haihuwarta ta fari ke nan, yaron ya kusa cika wata uku, hutun haihuwarta kuma saura kwana 11 ya ƙare. Ga abin da ta rubuta a taƙaice:

"Malam, idan na koma aiki ji nake kamar na ci amanar ɗana. Idan na ajiye aiki ji nake kamar na zubar da wahalar da mahaifina ya sha a kan karatuna, kuma ni ce ke saya wa mahaifiyata maganin hawan jini duk wata. Uwar mijina ta ce yaron ba ya ƙoshi, in fara ba shi ruwa da koko. Ƙawata ta ce in saya masa madarar gwangwani in huta. Maigida ya ce in yi duk abin da na ga ya dace. Ni kuma na rasa abin da ya dace. Shin ina da zunubi?"

Na nemi izininsu kafin in rubuta wannan darasi, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Akwai malamar makaranta, akwai mai bautar ƙasa, akwai ɗalibar jami'a da jarrabawa ta riske ta da ɗanyen goyo, akwai mai shagon ɗinki da mai sayar da abinci waɗanda su babu ma wanda zai ba su hutu. Abin da ya fi tsaya min a rai a takardar nan shi ne maganar maigidan. A kunne tana da daɗi, kamar sauƙin kai ne. Amma in ka duba da kyau, ɗaukar kaya ne gaba ɗaya aka ɗora wa mutum ɗaya. A kan wannan darasinmu zai tsaya.

DAREN DA UMAR YA JI KUKAN JARIRI

Malaman tarihi, cikinsu har da Ibn Sa'ad, sun kawo cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina zamanin halifancin Umar bn Khaɗɗab (RA). Sai shi da Abdurrahman bn Auf (RA) suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Umar ya ji jariri yana kuka, ya je ya yi wa uwar magana ta kula da ɗanta. Ya dawo, kuka bai tsaya ba. Ya sake komawa. A ƙarshen dare ya koma da faɗa. Matar ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa gaskiya: yaye shi take son yi da ƙarfi alhali watanninsa kaɗan ne, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba Umar ya ja sallah mutane ba sa iya rarrabe karatunsa saboda kuka. Yana sallamewa ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, daga yau kowane jariri yana da rabo tun ranar da aka haife shi. Ya rubuta wannan umarni zuwa sauran garuruwa.

'Yan'uwa, ku lura da abu biyu. Na ɗaya, matsin tattalin arziki yana raba jariri da nonon uwarsa tun zamanin sahabbai, ba yau aka fara ba. Na biyu, da Umar ya gano dalili bai ci gaba da zargin uwar ba. Kansa ya tuhuma, kuma tsarin ya gyara. Mu yau mun iya rabin farko na daren Umar, wato yi wa uwa faɗa. Rabi na biyu ne ya gagare mu.

ABIN DA AYA TA 233 TA SURATUL BAƘARA TA TSARA

Mafi yawanmu mun haddace farkon ayar, inda aka ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda ya so ya cika. Amma ayar doguwa ce, kuma in ka bi ta a hankali za ka ga hukunci biyar:

1. Cikakkiyar shayarwa shekara biyu ce. Suratu Luƙman aya ta 14 ma ta ambaci yaye a cikin shekara biyu.

2. Ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita yana kan uban yaro, gwargwadon hali.

3. Ba a cutar da uwa saboda ɗanta, ba a cutar da uba saboda ɗansa.

4. Idan za a yi yaye kafin shekara biyu, sai da yardar su biyun da shawara tsakaninsu.

5. Ya halatta a nemi wata mace ta shayar da yaron, a biya ta hakkinta.

Kun ga ke nan ayar da muke karanta wa mata ita kaɗai, fiye da rabinta da maza take magana. Kuma Allah Ya sanya shawara sharaɗi. Wanda ya ce wa matarsa "ki yi duk yadda kika gani" ya juya ya kwanta, bai yi shawara ba, ya zame ne. Wanda kuma ya ce "ki ajiye aikin kawai" ba tare da ya ji ta bakinta ba, ko ya tambayi wa zai ci gaba da sayen maganin surukarsa, shi ma bai yi shawara ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, asali shi ne matar da ke ƙarƙashin aure ita ce ke shayar da ɗanta, sai in akwai uzuri kamar ciwo ko rashin ruwan nono. Wasu malamai na sauran mazhabobi suna ganin ba a tilasta mata sai in babu wata mai shayarwa ko yaron ya ƙi karɓar kowa. Amma duk sun haɗu a kan cewa abincin jariri hakkinsa ne, kuma kuɗinsa na kan uba.

WATA SHIDA NA FARKO

A nan zan faɗi abin da masana lafiya suka tabbatar, domin tambayar masana a fagensu shi ma addini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Ku dubi yadda ƙarshen maganar ya zo daidai da abin da muke karantawa a Alƙur'ani.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa da wasu iyayenmu ke matsewa a zubar wai datti ne, shi ne garkuwar farko da jariri ke samu daga cututtuka. Kada a zubar.

Maganar ruwa kuwa, na san a nan rigima take, musamman a zafin bazara. Iyayenmu tausayi ne ke sa su cewa yaro zai ji ƙishi. To, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ƙarami ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage shan nono, nonon kuma sai ya rage zuwa, ga haɗarin gudawa in ruwan ko mazubin ba su da tsafta. Ita uwar ce ya kamata a cika wa ruwa da abinci mai kyau. Haka nan kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara ɗaya. Zuma waraka ce babu shakka, amma hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai kare shi daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba.

Ta yaya za ki san yana ƙoshi? Ba da yawan kuka ake ganewa ba. Idan yana fitsari kamar sau 6 ko fiye a yini da dare, kuma nauyinsa yana hawa a katin awo, to yana samu. Ki riƙe katin nan da kyau, shi ne hujjarki a gaban kowa.

Idan ya cika wata 6, a fara masa abinci mai laushi: kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, wake, kifi, ganyen zogale ko alayyahu, ɗan manja. Koko tsararo ba ya riƙe yaro, daga nan tamowa ke samun ƙofa.

Wadda kuma ta yi iya ƙoƙarinta nono bai wadata ba, ko likita ya hana ta saboda wani dalili, ta koma ga madarar jarirai, babu zunubi a kanta, kuma babu wanda ya isa ya goranta mata. Sai dai a haɗa ta yadda aka rubuta a jikin gwangwani, da ruwan da aka tafasa. Kada a tsinka ta don ta yi auki, wannan yunwa ce a ɓoye. Kuma maigida ya sani, kuɗin madarar nan daga aljihunsa ne a shari'a, ba daga albashinta ba, sai in ita ta ga dama ta taimaka.

"ƊAN WANCE HAR YA FARA RARRAFE"

Wata damuwar da ke cin iyaye mata ita ce gwada ɗansu da na wasu. A gidan suna ko a waya, sai a ga ɗan wance ya zauna, ɗan wance ya yi haƙori. Mai aiki kuma nan da nan sai ta ce ai don ba na zama da shi ne.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yawancin jarirai suna fara yi wa mutum murmushi wajen wata 2, wuya ya tsaya wajen wata 4. Zama ba tare da an tallafe ba yana zuwa tsakanin wata 4 zuwa 9. Tafiya shi kaɗai tana iya zuwa tun wajen wata 8, tana iya kaiwa kusan wata 18, kuma duk lafiya ne. Akwai yaran da ba sa rarrafe ma, daga jan gindi sai tsayuwa. Ɗan da ya riga tafiya ba shi ne zai riga sauke Alƙur'ani ba.

Abin da ya kamata ya kai ku asibiti shi ne: yaro ya wuce wata 9 bai iya zama ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ba ya bin fuska da ido, ko abin da ya iya a da ya daina. A nan kada a tsaya cewa mayu ne ko baki ne. A yi addu'a, a kuma je wurin likita. Ranakun rigakafi ma a sa su a lissafin aiki tun da wuri: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Malam maigida, babu ayar da ta ce uwa ce kaɗai za ta bi layin rigakafi.

Abin da ke gina ƙwaƙwalwar jariri ba kayan wasa masu tsada ba ne. Kallon ido ne, da yi masa magana, da amsa masa gwarancinsa, da runguma. Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya tabbata yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Idan kin dawo daga aiki, ajiye wayar nan. Awa biyu da hankalinki ke kansa gaba ɗaya ta fi yini guda da kike kusa da shi idonki na kan waya.

TO, AIKIN FA?

Asali dai ciyar da gida wajibin miji ne, kuma dukiyar mace tata ce. Aikin mace na halal, da yardar mijinta, cikin sutura da kamun kai, ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Nana Khadija (RA) 'yar kasuwa ce. Nana Zainab bint Jahsh (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka. Matar Abdullahi bn Mas'ud (RA) tana sana'a tana ciyar da mijinta da yaran da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu. Akwai kuma ayyukan da in matanmu ba su yi ba al'umma ce za ta shiga uku. Mu ne ke cewa ba ma son namiji ya karɓi haihuwar matanmu. To, ungozomar da muke nema a ɗakin haihuwa, ita ma matar wani ce, kuma wataƙila ta baro jariri a gida.

Shi kansa barin jariri a hannun amintacciya ba cin amana ba ne. Annabi (SAW) Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Ɗansa Ibrahim ma a gidan wata mata, matar wani maƙeri, aka shayar da shi a gefen Madina, kuma Annabi (SAW) da kansa yake takawa ya je ya ɗauke shi ya sumbace shi ya dawo. Ku lura, uban ne ke zuwa dubawa.

Ga shawarwari ga wadda za ta koma aiki:

Na farko, ki san hakkinki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na sati 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki don ta shayar. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da sati 16, kuma tun 2021 an amince wa maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Jihohi irin su Kaduna da Legas sun kai hutun ma'aikatansu mata wata 6. Ki tambaya a rubuce, ki nemi a haɗa miki da hutunki na shekara in zai yiwu, ki roƙi a ɗage miki aikin dare na ɗan lokaci.

Na biyu, ki koyi tatsar nono kamar sati biyu kafin ki koma. A wanke hannu, a tatsa a mazubi mai tsafta mai murfi. Yana iya kai awa 4 a ɗaki wurin da ba rana, a firij mai sanyi sosai har kwana 4, amma da yanayin wutarmu kada a dogara da firij ɗin da ke mutuwa yana tashi. Ba a ɗora shi a wuta, sai dai a tsoma mazubin a ruwan ɗumi. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, sun fi fida sauƙin wankewa. Ki tatsa a wurin aiki ma ko da sau ɗaya ne, don nono gwargwadon cire shi yake zuwa. Da dare da safe kuma ki shayar da shi sosai.

Na uku, ki zaɓi mai raino kamar yadda za ki zaɓi wanda za ki ba ajiyar zinarenki, ko fiye. Yarinya 'yar shekara tara da aka ciro daga makaranta ba mai raino ba ce, ita ma raino take buƙata, kuma za a tambaye ku hakkinta.

Na huɗu, ki bambance ɗagewa da fasawa. Digiri na biyu, kwas, neman ƙarin girma, duk suna iya jira zango ɗaya ko shekara ɗaya. Wata shidan farko na ɗanki ba ya dawowa. Wadda ta jingine karatu na shekara guda ba ta faɗi ba. Wadda kuma hali bai ba ta damar jinginewa ba, ta ci gaba da tsari, ita ma ba ta yi laifi ba. Ku zauna da mijinki ku tattauna tazarar haihuwa ma, domin kwanika tana wahalar da uwa da na goye da na ciki, kuma malamai da dama sun halatta tazara ta ɗan lokaci da yardar ma'aurata, ƙiyasi a kan azalu da sahabbai suka yi.

MAS'ALA BIYU DA AKE MANTAWA

Ta farko, 'yan'uwantakar shayarwa. Idan kika bar ɗanki wurin yayarki ko abokiyar zamanki ko maƙwabciya ta ba shi nononta, ya zama ɗanta na shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta tsakaninsu. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya ne in ya isa ciki ya wadatar, Shafi'iyya kuma suka ce sai sau biyar. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa nonon da aka tatsa aka ba yaro a kofi hukuncinsa ɗaya ne da wanda ya tsotsa. Don haka a gidan raino a rubuta sunan kowane yaro a jikin mazubinsa. Idan kuma an shayar, a sanar da iyaye maza, a rubuta a ajiye. Mun ga auren da aka raba bayan an haihu saboda wata tsohuwa ta tuna abin da ba a rubuta ba.

Ta biyu, azumi. Mai shayarwa da ta ji tsoron cutuwar ɗanta tana da rangwamen ta sha. A mashhurin Malikiyya za ta rama kuma ta ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana, Hanafiyya suka ce ramuwa kaɗai. Wadda ta haɗa shayarwa da tsayuwar aiki a zafi, kada ta matsa wa kanta har nono ya ƙafe tana ganin taƙawa ce.

GARE KU

Maigida: tashi ka karɓe shi cikin dare ko da sau ɗaya ne ta samu barci. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana cikin hidimar iyalinsa a gida. Idan Hajiya ta ce a ba yaro ruwa, kai ne za ka je ka durƙusa ka yi mata bayani da ladabi, ba ka bar matarka ta yi musu da mahaifiyarka ba. Idan ka ga matarka ta shiga yawan kuka, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, ba ta jin daɗin komai har ya wuce sati biyu, ba raunin imani ba ne, ciwo ne da ke samun wasu masu jego, kuma yana da magani a asibiti.

Iyayenmu mata: Allah Ya saka muku da alheri, kun raine mu da abin da kuka sani. Babban taimakon da za ku yi wa 'yar yau shi ne ku riƙe mata yaron, ku ciyar da ita, ku rage mata gori.

Masu makarantu da asibitoci da kamfanoni: ɗaki ɗaya mai labule da tabarma da za ku ware wa masu shayarwa, da rabin awar da doka ta riga ta ba su, ba za su karya ku ba. Ku tuna daren Umar.

Ke kuma 'yar'uwa mai tambaya: ba ki da zunubi in kin koma aiki da tsarin da zai kiyaye hakkin ɗanki, ba ki da zunubi in kin zaɓi ki dakata. Zunubi yana wurin tozarta yaro, kuma wadda ta rubuto irin takardar nan ba mai tozartawa ba ce. Na gaya wa maigidanki ya zauna da ke kafin kwanakin nan su ƙare, da biro da takarda, ku rubuta wa zai riƙe yaron, wa zai kai shi rigakafin sati 14, me za a gaya wa Hajiya, kuma wa zai gaya mata. Ya yi min alkawari, kuma zan tambaye shi ranar karatu mai zuwa in sha Allah.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, Ya ba masu jego lafiya, Ya azurta waɗanda ba su samu ba, Ya jiƙan iyayenmu da suka shayar da mu.

Wallahu a'alam.